Zuwa Ga Edita: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Wasan Zamiyar Ƙanƙara

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani wasa da ba kasafai yake samun gurbi a shafin wasanni ba, wato wasan gwanintar zamiya a kan ƙanƙara, wanda 'yan wasa ke sanya takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulu da tsalle da juyi bisa kiɗa, alƙalai kuma suna ba su maki. Na shafe fiye da shekara ashirin ina bibiyarsa, da fari a talabijin, daga baya a intanet, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda farin jininsa yake dusashewa a ƙasashen da suka fi kowa rungumarsa a da, alhali masu tafiyar da shi suna ta gyare-gyaren da ba sa taɓa inda ciwon yake.

Wasan ba baƙo ba ne a idon duniya. Ya shiga gasar Olamfik tun a Landan a 1908, shekara 16 kafin a fara Olamfik ta lokacin hunturu a Chamonix ta Faransa, kuma hukumar da ke kula da shi, wato ISU, an kafa ta ne tun 1892. A gasar Olamfik ta 1984, a birnin Sarajevo, lokacin da Jayne Torvill da Christopher Dean na Birtaniya suka yi rawarsu a kan ƙanƙara da kiɗan Bolero, alƙalai tara duka suka ba su 6.0, wato cikakken maki, a ɓangaren ƙawa, kuma mutum wajen miliyan 24 ne suka kalla a Birtaniya kaɗai. Bayan shekara goma, a Olamfik ta Lillehammer a Norway, kusan rabin gidajen Amurka masu talabijin sun kunna domin kallon gajeren wasan mata, wato zagayen farko na gasar, wanda dogon wasa ke biyo bayansa a haɗa sakamakon biyun. Gaskiya ne cewa abin da ya tara wannan taro bai rasa nasaba da harin da aka kai wa Nancy Kerrigan a birnin Detroit ranar 6 ga Janairun 1994, inda aka buge ta a ƙafa bisa shirin mutanen da ke kusa da abokiyar hamayyarta Tonya Harding, amma jama'ar da abin kunya ya kawo ba su watse nan take ba. Sun zauna shekaru suna kallon Michelle Kwan, wadda ta ci gasar duniya sau biyar da ta Amurka sau tara, suna cika manyan ɗakunan wasa a duk garin da ayarin 'yan zamiya ya yada zango.

Yau labari ya sha bamban. Kwantiragin da tashar ABC ta daɗe tana biyan hukumar wasan ta Amurka miliyoyin daloli a kansa ya ƙare a 2007, ayarin Champions on Ice da ke zagaya birane ya daina fita a wannan tsakanin, gasannin ƙwararru da ake nunawa kusan kowane ƙarshen mako sun ɓace, kuma mafi yawan gasannin shekara sai wanda ya biya kuɗin kallo a intanet ne yake ganinsu. Mutane da yawa ba sa tuna da wasan sai bayan shekara huɗu-huɗu.

Idan ana neman inda aka karkace, sai an koma Olamfik ta Salt Lake City a Amurka, a Fabrairun 2002. A wancan lokaci ana amfani da tsohon tsari: kowane alƙali yana ba da maki biyu, ɗaya na ƙwarewa, ɗaya na ƙawa, kowanne bai wuce 6.0 ba, sannan a duba wanda mafi rinjayen alƙalai suka sa a gaba. A wasan 'yan bibbiyu, Jamie Salé da David Pelletier na Kanada sun yi wasa ba tuntuɓe, Elena Berezhnaya da Anton Sikharulidze na Rasha kuma sun yi wasa mai wuya da kyau amma namijin ya ɗan yi tangal-tangal wajen saukowa daga tsalle guda. Alƙalai biyar suka zaɓi Rashawa, huɗu suka zaɓi 'yan Kanada, ɗakin ya kaure da ihu. Ba a jima ba alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce shugaban hukumar wasan ta ƙasarta, Didier Gailhaguet, ya matsa mata lamba ta zaɓi Rashawa, kuma zargin da ya yaɗu shi ne ciniki aka ƙulla domin 'yan Faransa su samu ƙuri'a a gasar rawa. Daga baya ta janye maganar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: aka ba 'yan Kanada lambar zinare ta biyu, ita da shugaban nata kuma aka dakatar da su shekara uku.

Abin lura a nan shi ne yadda asirin ya tonu. Ya tonu ne domin kowane ɗan kallo ya ga tutar ƙasar kowane alƙali a kan allo, ya ga makin da ya bayar a ƙarƙashinta, ya kuma iya gwada shi da abin da idonsa ya gani. Tsohon tsarin yana da aibi jingim, ba zan ɓoye ba. Alƙalai suna rowar maki ga wanda ya fara fita domin su rage wa na baya wuri, suna yana aiki fiye da abin da aka yi a ranar, kuma a zamanin yaƙin cacar baka alƙalan gabas da na yamma kowa nasa yake ja, har ta kai a 1978 aka dakatar da alƙalan Tarayyar Sobiyet gaba ɗaya na shekara guda saboda fifita 'yan ƙasarsu. Amma duk maguɗin da aka yi, a bainar jama'a aka yi shi, kuma jama'a suna da bakin magana.

Shugaban ISU na lokacin, Ottavio Cinquanta ɗan Italiya, wanda asalinsa ɗan tseren gudu ne a kan ƙanƙara inda agogo ke yanke hukunci, ya kawo sabon tsari da aka amince da shi a 2004, aka kuma yi amfani da shi a Olamfik ta Turin a 2006. A wannan tsari kowane tsalle da juyi da jerin taku yana da ƙayyadadden farashi. Akwai kwamitin mutum uku na masana da ke tantance abin da ɗan wasa ya yi, suna maimaita bidiyo a hankali su ga ko juyin ya cika a sama ko an ƙarasa shi a kan ƙanƙara, ko kuma an tashi da gefen ƙarfen da bai dace ba. Daga nan alƙalai tara su ƙara ko su rage gwargwadon kyan aikin, da can daga 3 a ƙasa zuwa 3 a sama, tun 2018 kuma daga 5 zuwa 5, a cire mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a ɗauki matsakaicin sauran. Sai kuma maki na biyu, na tsarin wasan da iya sarrafa takalmi da isar da saƙon kiɗa, wanda ke da rassa biyar kafin a mayar da su uku a 2022. A takarda abin ya yi kama da ilimi tsantsa.

Sai dai a cikin wannan sabon gini an saka abu guda da ya rushe manufarsa tun daga tushe: an ɓoye sunayen alƙalai. Aka daina nuna wa ya ba da wane maki, da hujjar cewa hakan zai kare alƙali daga matsin lambar hukumar ƙasarsa, har ma a shekarun farko kwamfuta ce ke zaɓen wasu daga cikin alƙalai 12 a asirce ta watsar da makin sauran. Wato maganin da aka ba cutar da haske ya fallasa shi ne kashe fitila. Kuma har yau, hukumomin ƙasashe ne ke gabatar da alƙalansu, mutumin da ke zaune a kan teburin hukunci ba ma'aikacin ISU ba ne mai albashi, ci gabansa da tafiye-tafiyensa suna hannun hukumar da 'yan wasanta ke kan ƙanƙara a gabansa. Wannan shi ne ainihin abin da ya haifar da rikicin 2002, kuma shi kaɗai ne ba a taɓa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Olamfik ta 2014 a Sochi ta Rasha ta nuna haka ƙarara. Adelina Sotnikova ta Rasha ta doke Yuna Kim ta Koriya ta Kudu da maki 224.59 a kan 219.11. Masu kare sakamakon suna da hujja, domin Sotnikova ta yi tsalle mai juyi uku har sau bakwai a dogon wasa, Kim kuma sau shida. Amma a ɓangaren ƙawa da iya zamiya, inda duniya ta daɗe da sallama wa Kim, makinsu ya zo kusan kunnen doki, kuma a cikin alƙalan daren akwai ɗan Yukren da aka taɓa dakatarwa saboda yunƙurin shirya sakamako a Olamfik ta Nagano a 1998, akwai kuma matar wani babban jami'in hukumar wasan ta Rasha, wadda aka gani tana rungumar Sotnikova bayan an gama. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a intanet, Koriya ta shigar da ƙara aka yi watsi da ita, kuma ba wanda ya isa ya ce ga makin da wane ya bayar. Ni ban ce an yi maguɗi a daren ba. Abin da nake cewa shi ne an gina tsarin da ba zai iya wanke mai gaskiya ba, ba zai iya kama mai laifi ba, kuma yarinyar da ta ci zinaren ita ma an cuce ta, domin har gobe ana kallon lambarta da ayar tambaya. Sai a 2016 aka soke ɓoye sunayen, kuma bayan Olamfik ta 2018 aka dakatar da alƙalai biyu 'yan ƙasar Sin saboda fifita nasu, abin da ba zai yiwu a gane cikin sauƙi ba da a ce ana nan cikin duhu.

Akwai wata asara da ta fi wannan shiga raina, ita ce yadda aka ƙwace wa ɗan kallo ikon yin hukunci da idonsa. Wata rana ina sake kallon gasar duniya ta 2013 da aka yi a Kanada, 'yata tana zaune kusa da ni. Denis Ten na Kazakistan, wanda ya rasu yana matashi, ya yi dogon wasa mai tsafta da ya tashi mutane tsaye, Patrick Chan kuma ya faɗi sau biyu a nasa. Da aka nuna sakamakon ƙarshe Chan yana sama, sai ta juyo ta ce, "Baba, ba wannan ne ya faɗi ba?" Na ce shi ne. Ta ce, "To, yaya aka yi ya ci?" Na buɗe takardar makin a kwamfuta domin in yi mata bayani, sai ga layuka cike da haruffa da lambobi da ƙananan alamomi, wannan na nufin juyi bai cika ba, wancan na nufin gefen ƙarfe ya kauce, ga ratar da ya tara tun a gajeren wasa. Kafin in kai rabi ta miƙe ta tafi harkarta. Lissafin daidai yake, Chan gwani ne da ba a cika samun mai sarrafa ƙarfe kamarsa ba, amma wasan da sai an yi wa mutum darasin rabin awa kafin ya gane dalilin da wanda ya faɗi ya doke wanda bai faɗi ba, yana korar sabon ɗan kallo ne daga bakin ƙofa. A da ko yaro ya san 5.9 kusa take da kamala, ya san 5.2 rowa ce, yana iya yin ihu tare da jama'a. Yau idan aka ce wane ya samu 187.43, ba wanda zai ce madalla ko ya ce an yi zalunci sai wanda ya haddace jadawali. Wasan motsa jiki na alkafura ma ya bi wannan hanya a 2006 da ya yar da makinsa na 10, kuma har yanzu masoyansa suna kewar lambar da Nadia Comaneci ta sa duniya ta haddace a 1976.

Jadawalin kansa ya sauya kamannin wasan. A farashin da aka fara aiki da shi a 2018, tsallen Lutz mai juyi huɗu yana da maki 11.5. Idan ɗan wasa ya cika juyin sannan ya faɗi warwas, za a cire rabi, a ƙara cire maki ɗaya na faɗuwa, ya tashi da 4.75. Jerin taku kuwa mafi wuya, wanda ke ɗaukar ɗan wasa daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan yana karkata da sauya ƙafa bisa kiɗa, farashinsa na tushe 3.9 ne, juyin wuri ɗaya mafi daraja kuma 3.5. Kowane koci mai hankali ya san abin da wannan lissafi yake gaya masa. Shi ya sa ake ganin 'yan wasa suna shafe daƙiƙu da yawa suna zagaya fili ba abin da suke yi sai tara gudu domin tsalle, sannan kowa ya yi juyi iri ɗaya, yana kama ƙarfen takalminsa yana sauya matsayi yana ƙirga zagaye a zuci domin ya cika sharuɗɗan mataki na huɗu, wanda ya fi kowane mataki maki. Shizuka Arakawa ta Japan, wadda ta ci zinare a Turin, abin da aka fi tunawa da ita a kai shi ne wani dogon sulu da ta yi ta lanƙwasa baya kamar reshen da iska ta kaɗa, ƙafafunta a buɗe, kuma wannan motsi ba shi da farashi ko ɗaya a jadawali. Ta yi shi ne domin kyansa, kuma irin wannan kyauta ga ɗan kallo ita ce tsarin yake sa ta zama ɓata lokaci. Haka kuma da aka ce tsallen rabin ƙarshe yana da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, Alina Zagitova ta kwashe tsallenta duka ta kai rabin ƙarshe a Olamfik ta Pyeongchang a 2018, ta ci zinare, ba ta karya doka ko ɗaya ba, sai daga baya hukuma ta taƙaita garaɓasar ga tsalle uku na ƙarshe a dogon wasa.

Inda lamarin ya fi muni shi ne ɓangaren mata. Tsalle mai juyi huɗu ya fi sauƙi ga jiki ƙarami marar nauyi da bai gama girma ba, don haka tsarin da ya ɗora komai a kan tsalle ya mayar da 'yan mata masu shekara 15 zuwa 17 kayan aiki na kaka ɗaya ko biyu. Sotnikova, Zagitova da Anna Shcherbakova sun ci zinare a 2014 da 2018 da 2022, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ta dawo Olamfik ta gaba. Yulia Lipnitskaya, tauraruwar Sochi, ta bar wasa tana da shekara 19 bayan jinyar cutar ƙin cin abinci. Ba na cewa tsohon tsari bai san yara ba, domin Tara Lipinski ma shekararta 15 a Nagano, amma a wancan zamani akwai Katarina Witt da ta ci zinare a 1984 da 1988 ta kuma dawo a 1994, akwai Kwan da mutane suka girma tare da ita. Ɗan kallo mutum yake so ya bi, ya san faɗuwarsa da tashinsa, kuma ba a shaƙuwa da wadda za ta ɓace kafin a iya furta sunanta. Abin da ya faru a Beijing a 2022 kuwa har yanzu ba na son tunawa. Kamila Valieva ta Rasha, yarinya 'yar shekara 15 da aka samu haramtaccen maganin zuciya a gwajinta, an bar ta ta fita gaban duniya da wannan nauyi a kanta, ta yi ta faɗuwa, ta fito tana kuka, kocinta Eteri Tutberidze ta tarbe ta da tuhuma maimakon lallashi, a gefe kuma Alexandra Trusova da ta yi tsalle mai juyi huɗu sau biyar tana kukan ta rasa zinare. Saboda shari'ar Valieva, wadda ta buga wa Rasha a gasar ƙungiya, 'yan wasan da suka cancanci lambobin wannan gasa ba su karɓa ba sai a Faris a Agustan 2024. Uwa ko uban da ya kalli wannan dare, da wuya ya yi sha'awar kai 'yarsa filin ƙanƙara. Ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 17, wanda ya kammala aiki daga kakar 2024, mataki ne mai kyau da ya zo a makare.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba tsarin maki kaɗai ne ya jawo koma-bayan ba. Kasuwar shekarun 1990 kumfa ce da dole ta sauka, talabijin ta rarrabu gida dubu, matan Amurka sun yi Olamfik huɗu a jere daga 2010 zuwa 2022 ba tare da lambar ɗaiɗaiku ba, kuma wasan yana da tsadar da ke hana 'ya'yan marasa ƙarfi shiga. A Japan kuwa, a ƙarƙashin wannan tsari dai, Mao Asada da Yuzuru Hanyu sun cika ɗakuna maƙil, har magoya bayan Hanyu suna bin sa ƙasa-ƙasa. Sabon tsarin ya kuma ba ɗan wasa takardar da zai duba ya san inda ya gaza, ya ba wanda ya yi baya a gajeren wasa damar farfaɗowa, kuma ba zan yi musun cewa tsallen Aksel mai juyi huɗu da rabi da Ilia Malinin ya fara saukarwa a gasa a Satumban 2022 abin al'ajabi ba ne. Saboda haka ba na cikin masu kiran a koma 6.0.

Abin da nake ganin ya wajaba shi ne ISU ta ɗauki alƙalai nata na kanta, ta horar da su, ta biya su, ta raba su da hukumomin ƙasashe, kuma a gasar Olamfik da ta duniya kada alƙali ya ba ɗan ƙasarsa maki, kada kuma mai riƙe da muƙami a wata hukuma ko iyalinsa su zauna a teburin. Kwamitin masana mutum uku, wanda hukuncinsa guda kan iya sauya launin lamba, ya kamata a nuna wa jama'a hoton da ya duba da dalilin da ya yanke, a kan allon ɗakin wasa da na talabijin, a lokacin da ake jiran maki. Faɗuwa kuma ta zama faɗuwa, ta yadda tsallen da aka ƙare shi a zaune ba zai fi takun da aka yi shi da gwaninta daraja ba, sannan makin ƙawa a daina barinsa yana hawa duk lokacin da yawan tsalle ya hau, domin a yanzu sau da yawa biyun tare suke tafiya kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Barin kiɗa mai waƙa tun 2014 da halatta alkafurar baya a 2024, wadda Surya Bonaly ta Faransa ta yi a Nagano ta sauka da ƙafa ɗaya aka rage mata maki, duk abubuwa ne masu daɗi, amma ba su ne suka kori jama'a ba, ba kuma su za su dawo da su ba.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan lokacin Olamfik ta hunturu ya zagayo, wannan jarida ta ba wasan ɗan gurbi, kuma idan za a buga sakamako a haɗa da ƙasashen alƙalai tara da makin da kowannensu ya ba ɗan ƙasarsa, tunda yanzu ISU tana wallafa takardun a shafinta bayan kowace gasa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu na kullum.